Kaset ɗin Bature da Sanarwar da Ban Ji Ba

A shekarun fari, zamanin mulkin soja, ni matashin mushe ne, wato malamin boko, an tura ni lakkol, makarantar wani ƙauye a wajen Issawane. Ina ji da kaina, ga wando mai faɗin ƙafa, ga rediyo mai cin kaset. Wani Bature da ya koyar da mu a Tasawa ne ya bar mini kaset guda da zai koma gida. Ya ce faifan farko ne na wasu samarin Ingila masu dogon gashi. Waƙa ɗaya sai ta kusa cinye gefen kaset, jita da sarewa da ganguna, kiɗan ya kwanta kamar ya ƙare, can kuma ya tashi. Ko kalma ɗaya ba na ganewa.

Da yunwa ta yi tsanani, yara suka dinga raguwa a aji, iyayensu na yin kudu da su. Shanun makiyaya na faɗuwa a bakin rijiya. Ni kuwa in na tashi aiki sai in kunna kiɗan in zuba wa bango ido, ba daɗi nake ji ba, ba baƙin ciki ba. Pil, wato batir, ya yi wuya, kaset kuma akwai cin pil. Maigari ya sha ce mini in riƙa ragewa don sauraron sanarwa, tunda a lokacin ta rediyo ake kiran mutum gida. Nakan ce to, amma ban fasa ba, har pil ya mutu.

Ranar kasuwar Mayahi wani dillalin awaki ɗan garinmu ya riƙe hannuna yana yi mini ta'aziyya. Na tambaye shi ta wa. Ya ce ai an yi ta sanarwa mahaifina na kwance a garinmu Hawandawaki yana nemana, daga baya aka yi sanarwar rasuwarsa. Ko da na isa, an riga an watse daga zaman makoki. Mahaifiyata ba ta yi mini faɗa ba. Ta dai ce duk wanda ya zo dubiya sai mahaifina ya gaya masa ɗansa na da rediyo, yana nan tafe.

Ban yi kuka ba ranar, har yau ma kukan bai zo ba. Na gane ba na ɗora wa kiɗan laifi, ni na toshe kunne don na gaji da jin wahalar mutane, kiran ubana ya bi ciki. Jama'a, in zama ya yi muku zafi ku nemi abin ɗebe kewa, amma ku riƙa tambayar labarin gida. Wataƙila akwai wanda yake kwance yana ce wa mutane kuna hanya.