Zabon dajin da na kamo wa Yaya

Shekarar da ciwo ya shiga zabin yayata, garken da in ya tashi yakan rufe rana ya koma zabuwa biyu, babu namiji ko ɗaya. Mijinta ya rasu da jimawa, kuma ƙwan da take kaiwa kasuwar Tanut da damina shi ne gishirinta da sabulunta.

Na ce zan sayo mata zabo. Ta ƙi.

"Na gida duk jininsu ɗaya ne, Auta. Na daji nake so, da ransa, ƙafa biyu lafiya."

Ina da furfura da jikoki, amma a bakinta har yau Auta nake.

Kama zabon daji ba wuya in miya kake so. Tarkon izgar doki ya isa, sai dai yakan karya ƙafa. Lafiyayye kuwa sai da akurki. Akwai wani kwari a hanyar Falanko inda ruwa ke jimawa bayan kaka, can suke sha. Na riƙa zuwa a babur ina watsa gero, kullum ina matsar da shi wajen akurkin da na tokare da sanda. Geron da suka ci mini ya isa bikin aure. Da suka saba, na ɗaura igiya a sandan, na kwanta bayan magarya, cinnaku suna rabon gadona tun ina numfashi. Uku suka shiga, na ja. Biyu suka fice ta ƙasa, ɗaya ya rage, namiji, yana dukan akurki kamar jaki.

A buhu na kawo shi. Yaya ta shafa ƙafafunsa, ta fige masa gashin fiffike ɗaya.

"Ya rame," in ji ta.

"Ni ma na rame, Yaya."

"Kai kana da abin ragewa."

Kafin ruwan fari fiffiken ya tsiro. Wata safiya aka nemi zabo aka rasa, har da zabuwa ɗaya. Na ce to, ɓarawo na ɗauko mata a babur. Ita ko a jikinta. Kullum da hantsi sai ta tsaya bayan danga ta kasa kunne, don kukan zabuwarta ta san shi kamar muryar 'yarta. Ran nan ta ɗauki ludayi ta ce in biyo ta.

A gindin sabara, ƙarshen gona, muka tarar da ƙwai jibge. Na miƙa hannu, ta buge shi da ludayin.

"In ta ji warinka ba za ta dawo ba. Ni ma da ƙyar nake zama."

Da ludayi ta kwashe, ta bar biyu don zabuwar ta ci gaba da sakawa. Sauran ta sa wa kaza, kaza ta ƙyanƙyashe.

Da kaka zabuwar ta dawo ita kaɗai. Zabon ban sake ganinsa ba. Da ciwo ya zagayo, kaɗan ya ɗauka cikin 'ya'yan zabon, kuma Yaya ta koma kasuwa da ƙwaryar ƙwanta. Sai dai babu mai shiga akurki a cikinsu, a ƙololuwar gawo suke kwana. In baƙi suka zo tana son ta yanka ɗaya, sai wayata ta yi ƙara.

"Auta, taho da igiyarka. Gero kuma naka."