Bin Fagen Dambe da Kawu

Kakar da na fara noman gayaunata, tun Turawa na nan, ba ni da buri sai in ga wasan wani shahararren ɗan dambe. An ce tsufa ya fara taɓa shi, daga wannan kakar ba zai sake ɗaura zare ba. 'Yan dambe kuwa gari-gari suke bi bayan girbi. Mahaifina ya ce ba zan bi hanya ni kaɗai ba, ya haɗa ni da kawuna. Nan wahalata ta fara.

Kawu mutum ne da ba ya iya wuce zaure. Daga garinmu Ƙofa zuwa Bebeji ba wani nisa, amma sai da muka gaida surukan abokinsa, muka yi ta'aziyyar wata tsohuwa da ta rasu tun bara. Har jakin gida sai da ya tambayi lafiyar ƙafarsa. Muka isa fage muka tarar da awaki na yawo a ciki. Kawu ya duba sawaye a yashi ya ce, "Ka gani, lallai an sha wasa a nan." Kamar in fashe don haushi.

Haka a Kiru, haka a Tudun Wada.

"Kawu, don Allah mu wuce, rana na yi."

"Kai ɗan nan, damben guduwa zai yi?"

Ai kuwa gudu yake yi, mu muna bin ƙurarsa.

Riruwai ce ta ƙarshe. Na bi da Kawu ta hanyar daji, inda babu zaure ko ɗaya. Muka shiga gari da la'asar, kalangu na tashi, masu haƙar kuza sun cika fage maƙil. Daga nesa na hango mutumin ana naɗa masa zare a hannu.

Sai wani dattijo ya riƙo hannun Kawu. Ashe ɗan garinmu ne da ya zo aikin kuza. Ya rantse sai mun sha ruwa. Ruwa ya zama fura, fura ta zama tuwo, kuma ba a tsame hannu a bar manya.

Hannuna na cikin akushi na ji ihu ya tashi har garin ya amsa. Ashe naushi ɗaya ɗan damben ya yi, ya kayar da abokin karawarsa, ya kwance zarensa ke nan.

Kawu ya saurara, ya gyaɗa kai. "Da alama an gama. Ci mana, me ka tsaya yi?"