Mai Tsumma Ta Ajiye Makulli

Direban taraktan ƙungiyar manoma ya ce taurin kai gare ta. Mai awo ya ce ba ta san sauri ba. Matan da ke sheƙe hatsi kuwa Inna kawai suke ce mata. Amma sunan da ya bi ta shi ne Mai Tsumma, kuma shugaban ƙungiya ne ya laƙaba mata, don ba'a.

Shekara ashirin da shida ita ke buɗe sito da safe. Ta yi shara, ta shafa ƙasan buhuna ko danshi ya kama. Duk irin shukan da aka kawo, sai ta ɗebi ƙwaya ɗari ta naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, ta ajiye bayan ƙofa. Bayan kwana biyar ta kwance, ta ga nawa suka tsiro.

Wata shekara shugaba ya sayo irin masara daga birni, cikin buhu mai sheƙi. Ta gwada. Talatin da ɗaya suka tsiro.

Ta ce, "Yallaɓai, irin nan ya mutu, zafi ya dafa shi a ajiya. Kada a raba."

Shugaba ya ɗaga tsumman da yatsu biyu. "Jama'a, ku zo ku ga injin Inna! Kamfani ya buga hatimi, tsumman goge-goge ya ce bai yarda ba."

Aka yi dariya. Mu ma mun yi.

Aka raba, aka shuka. Mako biyu, gonaki suka fito kamar kan mai ƙora, nan tsiro, can fili. Ga damina tana tafiya, ba wanda ya rage iri a gida. Ashe Inna ta ware irin bara cikin duro uku, ta toshe bakinsu, ta kuma gwada shi. Ta zauna ƙofar sito tana auna wa kowa. "Maza ka sake shuka, ruwa bai wuce ba." Shugaba ya kasa zuwa, matarsa ya turo. Inna ta cika mata kwano har ya yi tozo.

Ke ce kika ciyar da mu a shekarar nan, Inna, kuma ko sau ɗaya ba ki ce "ai na faɗa" ba. Wannan shirun ya fi zagi ciwo. Mun gode, Allah ya saka. Duk mai riƙe da sito, ya nemi tsumma kafin ya nemi hatimi.

Makon jiya, da idonta ya gaza, ta zo miƙa makulli. Shugaba ya tashi da jawabi a takarda. Ya karanta layi ɗaya kawai. Ya ninke takardar, ya cire hula, ya durƙusa gabanta.

"Inna, shekara tara ina zagayawa ta bayan sito don kada mu haɗa ido. Ni na ɗaga tsumman nan aka yi miki dariya. Ki yafe mini."