Turmina a Ƙarƙashin Motar Bature

Mijina maƙeri ne a Boɗinga. Garma da lauje ya gada, ba mota ba. Amma tun ranar da ya gyara wa wata lori ƙarfe, kansa ya kumbura, ba mai gaya masa ya ji.

Zamanin Turawa ne. Akwai wani Baturen sayen fata mai baƙar mota, ga gudun tsiya. Hanyar Shagari ta lalata mata baya, kowane rami sai ta daki ƙasa. Direbansa ya kawo ta ƙofar gidanmu da ƙarafan sifirin daga Sakkwato, wai a ƙara mata a baya, ta ɗaga ta yi tauri, Bature ya ƙara wuta.

Jak ɗaya na ɗaga mota gare su. Da suka rasa abin tokare ɗayan gefen, sai ga mijina cikin gida yana mirgina turmina.

Na ce, "Ina za ka da shi? Turmin ga ya tsuhwa!"

Ya ce, "Iccen ƙirya na, ko giwa shina ɗauka."

Suka cire ƙafafun baya duka biyu, suka jingina motar a kan jak da turmi. Mijina ya shige ƙarƙashi da guduma, sawayensa kawai ake gani. Surukina na zaune kan buzu da maƙwabta, ana kallo. Ni kuwa ina leƙe ta ɓular darni.

Duk bugun da ya yi sai motar ta girgiza. Can na ji wani ƙas, ba na ƙarfe ba. Na duba, sai ga tsaga ta taso daga bakin turmin tana gangarowa. Wayyo Allah! Ba wanda ya lura, duk ƙafafunsa suke kallo suna yi masa kirari.

Na ce, "Maigida!" Mutum uku suka waiwayo, kowa maigida ne, ban da shi. Na ce, "Maƙeri!" Sai surukina ya ɗago ya harari darnin. Guduma na ta aiki, tsagar ta kai tsakiya.

Tun da aka kawo ni gidan ban taɓa kama sunan mijina ba, ko a ɗaka, balle gaban ubansa. Wace mace ke yi? Na fita a guje, ba mayafi, ba takalmi, na ƙwala masa kira da sunan da uwarsa ke kiransa da shi, har maƙogwarona ya yi zafi.

Gudumar ta tsaya. Ya mirgino waje a fusace, ya ga wace marar kunya ce. Bai gama tashi ba turmin ya dare biyu, motar ta rikito, ƙarfen bayanta ya nutse daidai inda ƙirjinsa yake. Ya zauna daɓas, ido a kafe, ko motsi babu. Direba na ta salati, maƙwabta na jijjiga shi, bai ce uffan ba.

Na tsaya ina jiran faɗan surukina. Tsohon ya yunƙura zai tashi, ƙafafunsa suka ƙi. Ya dube ni, hawaye na bin gemunsa, ya ce, "Ɗiyata, sake kiran shi, in ji ya amsa."

Na sake kira. Da ƙyar ya ce, "Na'am."