Ofelia Mai Tsaron Jarrabawa

Shekara ashirin da biyu ke nan Ofelia Barrientos tana karanta wa 'ya'yan mutane shafi biyu na takardar ƙa'ida, kuma har yau ba ta ga wanda ya saurare ta har ƙarshe ba. Ma'aikaciyar ƙaramar kwalejin gundumarmu ce, nan yammacin Texas. Aikinta ta loda kwamfutoci talatin a akwati mai taya, ta tura shi cikin farar motar kwaleji, ta bi makarantun sakandare bakwai na garuruwan auduga tana ba 'yan ajin ƙarshe jarrabawar tantancewa. Tun mijinta Ruben yana da rai yake ce mata ta nemi aikin zama a ofis, gwiwoyin nan ba za su kai ta ba. Ruben ya riga ta tafiya, gwiwoyin kuwa kullum safiya sai sun gaskata shi.

A takarda an ce jarrabawar ba ci ba faɗuwa. Wannan zancen 'yan ofis ne. Wanda ya yi maki sosai zai wuce kai tsaye cikin darussan kwaleji. Wanda ya gaza sai a tura shi ajin share fage, ya shekara yana maimaita abin da ya baro, kuma kowa ya sani yawancin masu shiga ajin nan ba sa kai labari. Sai dai ka gan su a rijiyoyin mai ko a bayan kanta.

Ga na'urar da mugun hali. In ka amsa daidai ta ƙaro maka mai wuya. In ka kuskure ta sassauta, ta yi ta lallaɓa ka da tambayoyin 'yan firamare har ka tashi kana murmushi. Shi ya sa Ofelia ba ta buƙatar ganin sakamako, fuska ta ishe ta. Mai fara'a ya nutse, mai cizon leɓe yana share gumi shi ne ya yi nisa. Bayanin nan yana cikin takardar da take karantawa, a ƙasan shafi na biyu, daidai lokacin da yara suka gama kallon taga suka koma kallon agogo.

Da an fara kuwa, bakinta a rufe. Magana uku doka ta yarda mata: banɗaki, lalacewar na'ura, da dakatarwa. A shekararta ta huɗu ta taɓa dafa kafaɗar wani yaro ta ce masa ya daure, yana kan hanya. Wata uwa ta ji labari ta kai ƙara, aka soke sakamakon ɗakin gaba ɗaya, yara ashirin da takwas, har da shi yaron. Tun daga ranar ta koyi haɗiye magana, kuma haɗiye maganar ya fi tuƙin da turin akwatin gajiyar da ita.

Wata Talata a watan Oktoba, ana tsakiyar gurzar auduga, ta jera kwamfutocinta a ɗakin karatun makarantar da ta fi nisa, tafiyar awa biyu. Wanda makarantar ta ba ta ya taya ta tsaro shi ne Koci Dwayne Pruitt, mai horar da 'yan ƙwallo, ƙaton mutum mai surutu, wanda shekara goma ke nan suna tsokanar juna.

“Uwar ɗakina, har yanzu ba su sallame ki ba?” in ji shi, yana miƙa mata kofi.

“Suna jiran 'yan ƙwallonka su ci wasa ɗaya tukuna, sai mu tafi tare.”

“Kai, baiwar Allah! Da sassafe?”

'Yan ƙwallon nasa ne suka fara tashi. Minti ashirin suka latse lissafin kaf, suka fita suna tafawa, wai ba su taɓa ganin jarrabawa mai sauƙi irin wannan ba. Ofelia ta bi su da ido kawai. Zuwa sha ɗaya ɗakin ya watse, saura yarinya ɗaya a kusurwa, Araceli Montemayor, wadda ta rubuta a fom ɗinta cewa aikin jinya take son karanta. Jarrabawar ba ta da iyakar lokaci, don haka ba wanda ya kore ta. Awa biyu da rabi tana kan lissafi, ta cika takardun gwaji huɗu gaba da baya. Can ta ɗaga hannu.

“Malama, a rufe. Na haƙura.”

Ofelia ta tako a hankali ta tsaya a bayanta. Tambayar da ke kan allon, a shekara ashirin da biyu ba ta gan ta sau goma ba. Na'urar ba ta kawo ta sai ga wanda ya kusa ƙure ta. In aka rufe a haka, tambayoyin da suka rage za su zama sifili, yarinyar ta faɗa ajin share fage. In kuma Ofelia ta ce uffan, a soke mata duka. Zuciyarta ta yi nauyi, ta ji haushin dokar, ta ji haushin kanta.

“'Yar nan, kina iya dakatarwa,” ta ce, da muryar karanta takarda. “Kwana goma sha huɗu ne. Ki dawo ki ɗora daga inda kika tsaya.”

“In ɗora me? Ko kalmomin ban taɓa gani ba. Su Tyler 'yan ƙwallo minti ashirin suka gama suna dariya, ni ina nan kamar wata doluwa.” Ta juyo da jajayen idanu. “Don Allah Malama ki gaya mini gaskiya. Na faɗi, ko?”

Koci ya buɗe baki daga bakin ƙofa, Ofelia ta watsa masa harara, ya mayar ya rufe.

“Kina iya dakatarwa,” ta sake cewa.

“Yi duk yadda kika ga dama.” Araceli ta sunkuci jakarta. Ofelia ta latsa dakatarwa, ta zaro kwafin takardar ƙa'ida, wadda kowa yana da ikon karɓa, ta miƙa mata ba tare da ta ja layi a ko'ina ba. Yarinyar ta cusa ta a aljihu ta fice.

“Bari in bi ta in faɗa mata a waje mana,” in ji Koci. “Wa zai sani?”

“Jarrabawarta a buɗe take har kwana sha huɗu, kai ma ka sa hannu a takardar tsaro. Garin nan in akuya ta yi atishawa kafin la'asar an kai ofis. Ka bar ta.”

Ofelia ta kira makarantar sau uku cikin makon, aka ce Araceli ba ta zuwa, tana taya iyayenta aiki a injin gurza, kamar rabin 'yan ajinsu a wannan wata. Shugaban sashensu a kwaleji ya ce ba zai fitar da mota don ɗaliba ɗaya ba. Ofelia ba ta yi musu ba, ta daɗe da daina musu da shugabanni. Ran kwana na sha huɗu ta sa kwamfuta ɗaya a tsohuwar motarta, ta naɗe wainar masara da wake a takarda, ta kama hanya.

Tun tara ta kunna na'urar ta zauna. Ƙarfe huɗu jarrabawar za ta rufe kanta. Ta ci wainarta a sanyaye, ta miƙe ƙafa a kan kujerar yara, ta kalli iska tana kwasar ɓurɓushin auduga a gefen titi. Sha biyu ta wuce, ɗaya ta wuce. Ta yi irin zaman nan sau da yawa, ta san yadda yake ƙarewa, har ta fara naɗe wayar caji.

Biyu da kwata Araceli ta shigo da takalmin aiki, auduga a gashinta har gira. Ba ta gaisa da kyau ba, ta ja kujera. Tambaya bakwai suka rage mata, ta kwashe awa guda da minti goma a kansu. Da ta latsa ta ƙarshe, injin buga takarda ya yi gurnani ya fito da sakamako. Ofelia ta duba sau ɗaya ta miƙa mata.

Yarinyar ta karanta, ta sake karantawa. “Wannan nawa ne?”

“Naki ne. Kai tsaye za ki shiga, har lissafin shekarar farko an ɗauke miki. Wuyar da kika gani, daidai kike ta amsawa shi ya sa. Yana cikin takardar da na ba ki.”

“Takardar? Ai a wando aka wanke ta.” Ta yi 'yar dariya, hawaye na zubo mata. “Ni ba jarrabawar ce ta kawo ni ba. Koci ne ya kira waya injin gurza ya ce tsohuwar nan ta tuƙo awa biyu tana zaune tun safe. Mamata ta ƙwace tsintsiyar hannuna, ta ce ita ba ta haifi 'yar da za ta bar babba yana jira ba.” Ta share fuska da bayan hannu, sai kuma ta tsaya cak. “Ke nan ran nan kin sani?”

“Na sani.”

“Kina tsaye a kaina ina kuka, kin sani, kika yi shiru?”

“Da na yi magana da sun soke miki.”

Araceli ta mayar da ido kan takardar. Da ta ɗago, muryarta ta yi ƙasa.

“Malama, waɗanda kike dakatar wa ɗin nan, suna dawowa?”

Ofelia ta rufe kwamfutar, ta dafa tebur da hannu biyu kafin ta iya miƙewa.

“Ke ce ta uku,” ta ce.