Ni na ce masa ya sunkuyar da kai

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar ɗan farina. Kada masu karatu su jira in faɗi sunansa. Ban faɗa ba yana raye, ba kuma yau zan fara ba. Daga Makarfi har Ikara, Malamin Awo ake ce masa, don shi ke auna audugar manoma a sikelin kamfani. Ni ban yi boko ba. Malamar 'yan mata da ke zaune a gidanmu nan Likoro ita ke riƙe da alƙalami, na kuma gargaɗe ta kada ta gyara mini magana.

Abin da ya tono zancen shi ne autana, Isiyaku. An kira shi Kaduna intabiyu, aikin malamin gona yake nema. Makon jiya ya zo ya tsuguna gabana ya ce, "Inna, me zan yi in na shiga?" Yayansa ma ya taɓa yi mini wannan tambaya, a wannan tsakar gida, na kuwa ba shi amsa ba tare da na tsaya tunani ba.

Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, Turawan kamfani suna ta ɗaure kaya. Aka ce za a naɗa ɗan ƙasa babban akawu mai kula da duk kasuwannin auduga na wannan yanki, aka kira mutum uku Zariya. Yaron nan shi ne babbansu a aiki, shekararsa tara a kan sikeli. Ana gobe tafiya ya zo da hantsi neman albarka, ya tarar da ƙanena Sambo, wanda ya yi soja ya ga duniya.

Sambo ya ce masa, "Ji nan. In ka shiga kada ka tsuguna. Kujera za su ba ka, ka zauna. Ka dubi Baturen cikin ido, ka faɗa masa duk abin da ka iya, har wanda ka kusa iyawa."

Na ce, "Sambo, lalacewar da bariki ya yi maka ba ta ishe ka ba, sai ka haɗa da yaro?"

Ya ce, "Yaya, can fa ba zauren surukai ba ne."

Ban ko kula shi ba. Na juya na ce wa yaron ya tuɓe takalmi a bakin ƙofa, ya sunkuyar da kai, kada ya sake ya yabi kansa gaban manya. Na ce masa mai aiki ba ya faɗin aikinsa, wasu ke faɗa masa. Haka aka rene ni, haka na rene shi, ban kuma taɓa ganin tarbiyya ta cuci kowa ba. Ya dubi kawunsa, ya dubi ƙasa, ya ce, "To, Inna."

Bayan kwana uku ya dawo ya ce Allah bai yi ba. Na ce haka ya fi alheri, na zuba masa fura. Bai ƙara ko kalma ɗaya ba, ni ma ban tambaya ba. Aka ba Bulus kujerar, wani yaro ɗan kudancin Zariya wanda shi da hannunsa ya koya masa karanta sikeli. Nawa yaron kuwa ya ci gaba da yawon ƙauyuka a kan keke. A damina ta biyu bayan haka, ya tafi rabon irin auduga wajen Janfalan da Kurmin Kogi, ruwa ya kama shi a hanya, ya ƙetare rafi da keke a ka, ya wuni da jiƙaƙƙun kaya. Ciwon haƙarƙari ya kama shi. Kwana tara ya yi yana tari, ranar na goma aka kai shi makwanci.

Ranar sadakar uku Bulus ya nemi a yi masa iso. Ya zauna a bakin ƙofar ɗakina yana murza hularsa, ya ce, "Inna, akwai abin da ya tsaya mini a wuya. Kujerar nan tasa ce. Shi suka so. Sau uku Baturen yana tambayarsa ko zai iya riƙe aikin, yana tsugune, kansa a ƙasa, yana cewa akwai waɗanda suka fi shi. Da aka ce ya faɗi wanda ya fi shi, sai ya faɗi sunana. Ni da ko rubuta tikiti shi ya nuna mini!" Tafintan Baturen ne ya ba Bulus labari daga baya. Ya ce Baturen ya girgiza kai ya ce mutumin da bai yarda da kansa ba, yaya zai tsawata wa dillalai?

Na san ajali ba ya wuce ranarsa, malamai sun faɗa mini, na kuma yarda. Amma babban akawu a ofis yake zama lokacin damina, ƙarƙashin kwano. Wannan ma na sani. Shekara bakwai ina ajiye waɗannan abubuwa biyu kusa da juna, har yau ba su daidaita ba. Sambo bai taɓa ce mini "ai na faɗa miki" ba har ya bar duniya, shirunsa kuwa ya fi mini ciwo.

Ina zaune ina kallon masu neman aiki na yanzu. Yaro ya fito makaranta jiya, yau ya cusa takardar wani babba a aljihu, ya tsuke wando, yana tafe yana ba da labarin kansa kamar maroƙi. Na ga wanda bai san kan dawa da na gero ba an ba shi duba gonakin mutane, saboda bakinsa ya iya zuba. Nakan tambayi kaina, da Malamin Awo zai leƙo ya ga wannan, me zai ce? Ina jin kunya za ta kama shi a madadinsu. Sa'annan, yadda na san halinsa, zai ja su gefe ya koya musu aikin, su kuma su haye kansa su wuce. Ba na son irin tasu. Amma irin tawa ma na ga inda ta kai shi.

Don haka da Isiyaku ya tambaye ni, sai da na gama tankaɗe garin da ke gabana kafin na buɗe baki. Na ce masa ya yi gaisuwa cikakkiya yadda aka koya masa, kada ya katse babba, kada ya ƙara ko ƙwayar gero a kan abin da ya sani. Sa'annan na ce, "In sun ba ka kujera, ka zauna. In sun ce ka iya, ka ɗaga kai ka ce ka iya."

Ya buɗe baki yana kallona. Ya ce, "Inna, ke ce kuwa? Ke da kika mare ni don na ce na fi Audu maƙwabcinmu noma?"

Na ce, "Wancan ƙarya ka yi, Audu ya fi ka. Tashi ka tafi."

Ya tafi ranar Litinin, har yanzu ba mu ji sakamako ba. Ban sani ba ko wannan karon na yi daidai. Mai yiwuwa ya tarar da manyan da suka fi son mai tsuguno, in sake zama sanadi.

Me ya rage na yayansa? Bai bar gida ba, bai bar kujera ba. Ya bar 'ya'ya biyu, da tsofaffin manoma waɗanda har yau, in an yi musu awon da bai gamshe su ba, sai su ce a zamanin Malamin Awo ba a haka. Ya bar Bulus, wanda kowace sallah yake zuwa gaishe ni ko da yake ba sallarsa ba ce. Duk waɗannan sun faɗi abin da yaron yake. Ni kaɗai ce ban faɗa ba, don a wajenmu uwa ba ta yabon ɗan fari. Na aike shi gaban baƙi ya yi shiru a kan kansa, na ce wasu za su faɗa, alhali ko a gida ba mai faɗa masa.

To, malama, rubuta, a buga kowa ya karanta. Ya iya aikin. Duk cikinsu ba wanda ya kai shi, na kuma san haka tun ranar da ya tsuguna yana tambayata. Allah ya jiƙansa, ya yafe mini.