Wayar Da Aka Murɗa Ta Hagu

Jama'a, wannan ba a teburin mai shayi na ji shi ba, a kaina ya faru, Allah ne shaidata. Shekarun baya ne, ina riƙe da garejin da mahaifinmu ya rasu ya bari a Wudil, can hanyar Dagumawa, ni bakanike, ƙanena Sadi kuwa ɗan gayu, ba shi da aiki sai ƙona taya a wasan mota duk inda ake biki.

Sai ga shi da wata mota 'yar Kwatano mai tobo, wai in ƙara mata iska ta fi ta kowa gudu. To ita tobo iska take ɗura wa inji, kuma duk iskar da ka ƙara dole mai ya biyo ta da ƙarfi, in ba haka ba fistin ya narke. Na ɗaura geji biyu, na iska da na mai, na hau titi na taka. Allurar iska na hawa, ta mai na sauka. Na canja famfon mai, na canja filta, wallahi kamar ban taɓa ta ba.

Na ce, "Sadi, mai ba ya isar motar nan, bari in gano tukuna."

Ya ce, "Yaya, tsoron Baba ka gada. Ka ɗaure min kawai."

Akwai wani siririn ƙarfe mai noti a jikin tobo, wesget muke ce masa, shi ke zubar da rarar iska, in ka ɗaure notin iska ta ƙaru. Na ɗaure don gwaji, na rufe bonet, na tafi Azahar da mukulli a aljihuna. Da na dawo na taka, ko ɗigon iska bai ƙaru ba. Ina buɗewa na tarar an kwance notin ya koma inda yake, an ɗaure shi da 'yar waya, an murɗa ta ta hagu.

Innalillahi! Babanmu bahago ne. Duk notin da ba ya so a taɓa haka yake yi masa, murɗin hagu, ya lanƙwasa bakin wayar ciki don kada ta yanki wani. Na san mamaci ba ya dawowa, kada wani ya yi min wa'azi, amma na yanke wayar da filaya, na sake ɗaurewa, na zauna kan benci da rana tsaka idona a kan motar, ko akuya ba ta gifta ba, ina ɗaga bonet waya ta dawo. 

Na nuna wa Sadi, ya sheƙe da dariya, wai ni na murɗa, hassada ce. Ya kai ƙarata wurin Umma, mahaifiyarmu, ita kuwa ko saurara ba ta yi ba, ta ce, "In ba ka iya ba, ba shi motarsa." Ya kai motar Kano, wani ya yi wa ƙarfen wesget ɗin walda gaba ɗaya don kada iska ta zube.

Ranar Juma'a, ana cin kasuwa, Sadi ya fito zai wuce tirelar shanu a kan gada, inji ya fashe yana tsakiyar wucewa, ga wata tirelar ta taho. Ko asibiti ba a kai shi ba.

Da aka janyo ragowar motar na sauke tanki, na sami 'yar tsaga a tiyon ciki, ba ta buɗewa sai mai ya yi ƙarfi. Aikin da bai kai shan shayi ba! Sannan na duba wesget. A kan waldar nan akwai waya, sabuwa fil, murɗin hagu, amma ta tsinke, ta miƙe siririya kamar wani ya riƙe ta har ƙarfinsa ya ƙare.

Har yau Umma cewa take, kai da kake bakanike ka bar shi ya tafi. Abin dai yana ƙona min rai. Wayar tana cikin akwatin sifanata, ba na son buɗe wannan ɓangaren.

Ku masu son gudu, in allurar mai ta sauka ku ɗaga ƙafa. In kuma kuka ga an mayar da notin da kuka ɗaure, ku bar shi yadda kuka same shi, kada ku tsaya tambayar wa ya mayar.